An Sa Mini Gwiwar Ƙarfe, Amma Har Yanzu a Kan Kujera Nake Salla

Assalamu alaikum. Ni tsohuwar malamar firamare ce, shekaruna 64, maigidana ya rasu, 'ya'yana 5. Na shafe kusan shekara 10 ina fama da ciwon gwiwa, har ta kai daga ɗaki zuwa zaure sai na dafa bango, kuma shekara 4 ke nan ina salla a kan kujera. Yarana suka haɗa kuɗi, babban har filinsa ya sayar, aka kai ni wani asibiti a Alƙahira aka sauya mini gwiwar dama. Likitan ya ce cikin sati 6 zan koma harkokina. Yau sati 9 ke nan. Gwiwar a kumbure take, da ɗumi, ba na barcin kirki, gefen tabon kamar ba naman jikina ba, in na taka tana ƙas-ƙas. Lanƙwasuwa kuwa ta ƙi. Zuwana gashin ƙashi na ƙarshe, sati 3 da suka wuce, sun ce digiri 80 take yi. Daga nan ban koma ba, don zafin ya yi mini yawa, kuma ina jin nauyin yaran su ci gaba da kashe kuɗi. Sai na ce musu an sallame ni.

Babban ɗana kullum maganarsa "Mama ki daure ki taka", autata kuma ko buta ba ta bari in ɗauka. Maƙwabciyata da aka yi wa nata ta ce ita wata 1 ta ajiye sanda. Ƙanwata ta ce mugun jini ne ya taru, a kira wanzami ya yi ƙaho. Ni kuwa abin da ya sa na yarda aka yi aikin shi ne in koma kai goshina ƙasa, in je Umra da ƙafata. Ga ni har yanzu a kujera, ina salla ina kuka. Aikin ne bai yi ba? Asara na jawo wa yarana?

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, Mama. Sannu da jiki. Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne, Ya ji ƙan Malam.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karatun farko kukan da kike yi a kan kujerar salla ne ya tsaya mini a rai. A na biyu sai idona ya sauka kan wata 'yar magana da kika wuce ta da sauri, irin yadda ɗalibi kan buɗe shafin da malama ta yi wa jan biro: digiri 80, kuma sati 3 ba ki koma gashi ba. Ki yi mini afuwa, da nan zan fara, domin duk cikin abubuwan da kika lissafa shi kaɗai ne ba ya jira.

Idan aka yanka gwiwa, jiki yakan yi ta saƙa wani nama mai tauri don ya rufe ciwon, irin tabon da kike gani a fata, sai dai wannan a ciki yake, yana zagaye da gaɓar. A makonnin farko yana da laushi, duk inda aka ja shi zai bi. Wajen wata 3 sai ya fara ƙandarewa, ya riƙe gwiwar a daidai inda ya same ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai, haka naman yake. Shi ya sa likitocin ƙashi suke son ganin gwiwa ta kai digiri 90 kafin a wuce sati 6. In ta ƙi, suna da dabara: a sa mutum barci a ɗakin tiyata, likita ya kama ƙafar ya lanƙwasa ta a hankali har naman nan ya saki, ba yanka, ba ɗinki, cikin 'yan mintoci, sannan a ɗora da gashi ba kama hannun yaro. Wannan dabarar ta fi yin amfani idan aka yi ta kafin a cika sati 12. Ke kina na 9. Ba cewa nake lallai sai an yi miki ba, ta yiwu a auna a tarar kin ƙaru, ta yiwu likita ya ce a ƙara sati 2 na motsa ƙafa sosai a gani. Amma wanda zai yanke wannan hukuncin sai ya kama ƙafar da hannunsa, kuma cikin satin nan ya kamata ya kama ta.

Ba sai kin koma Masar ba. Asibitin koyarwa na Shika yana bakin ƙofarki, akwai likitocin ƙashi da sashen gashi. Ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, kuma su ma suna yin irin wannan aikin. Ki tafi da takardar sallamar da aka ba ki, da hotunan gwiwar na kafin aiki da na bayansa, da takardar da ke nuna irin ƙarfen da aka sa miki, in an ba ki. Likitanki na can a tura masa bidiyo ta WhatsApp kina lanƙwasa ƙafar, ya san halin da ake ciki, ya faɗi ra'ayinsa. Sai dai waya ba ta jin ɗumin gwiwa. Wannan ita ce matsalar duk wanda aka yi wa aiki a waje: yanka awa 1 zuwa 2 ne, jinya kuwa shekara ce, kuma a gida ake yin ta.

Tunda ke malama ce, bari mu yi lissafin tare a allo. Ƙafa a miƙe samɓal sifili ce. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri wajen digiri 65 take buƙata, shi ya sa kike iya takawa har ɗanki ya ɗauka komai ya daidaita. Hawa da saukar matakala, da tashi daga kujera ba tare da kin dafa hannu ba, suna neman 90 zuwa 100. Shiga mota ko a-daidaita-sahu ba tare da an ɗaga miki ƙafa ba sai an ɗan haura haka. Akasarin waɗanda aka sauya wa gwiwa sukan tsaya tsakanin 110 da 125, kuma wannan ya isa kusan duk hidimar gida da ta unguwa. Tsuguno kuwa, da zama a kan dugadugai, suna neman wajen 150. Ki riƙe wannan adadin na ƙarshe, zan dawo kansa.

Sauran abubuwan da suka tayar miki da hankali, yawancinsu na hanya ne. Mu a nan mukan ce "an sa mata ƙarfe", sai ka ce sakata aka ɗaura wa ƙofa. Abin da aka yi miki ya fi haka nesa. An buɗe gaɓar, an sassaƙe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri da zarto, an cire guringuntsin da ya cinye, an ɗora wa kowane ƙashi hular ƙarfe, akasari da wani siminti na musamman, sannan aka sa faifan roba mai tauri a tsakani. Ƙashin da ya sha zarto ba ya hucewa a wata 2. Kumburi da ɗumi sukan kai wata 3 zuwa 6, wasu har shekara suna ganin ƙafar ta ɗan tasa da yamma in sun yi zirga-zirga. Ƙas-ƙas ɗin ƙarfe ne ke taɓa roba, muddin ba ya zuwa da zafi ki bar shi ya yi waƙarsa. Wurin da kike ji kamar ba namanki ba, wata siririyar jijiyar fata ce da ta gitta ta gaban gwiwa, wuƙa ba ta da hanyar kauce mata. Filin yakan ragu a hankali, wasu kuma ɗan wurin ya zauna musu haka, ba ya hana su komai. Rashin barci kuwa, da wuya ki sami wanda aka yi wa aikin nan bai koka da shi ba a wata 2 zuwa 3 na farko.

Ina so ki tambayi kanki abu ɗaya da gaskiya. Wancan tsohon ciwon, na ƙashi yana gugar ƙashi duk sanda kika ɗora nauyi, wanda ya sa kike dafa bango, yana nan? Da yawa a wannan matakin in suka nutsu sai su gane ya tafi, wanda suke ji yanzu wani daban ne, na rauni da tsamin nama. In haka ne a wurinki, to aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa, saura jiki ya biyo baya.

Batun sati 6, ban ɗauka likitan ƙarya ya yi miki ba. Kun yi magana ne kowa da abin da ke ransa. "Harkoki" a bakin likita na nufin ki zaga cikin gida, ki yi wanka da kanki, ki shiga mota. A kunnenki kuwa sujada ce, da kasuwa, da gidan biki, da Safa da Marwa. Duk da haka ina ganin da sauran aiki a wuyansa: mace mai salla sau 5 a rana, kamata ya yi a zaunar da ita kafin a shiga da ita tiyata a tambaye ta me take so gwiwar ta yi mata, a gaya mata wanda zai yiwu da wanda da wuya. Ainihin lissafin shi ne, mafi yawan sauƙi yana zuwa a wata 3 na farko, sannan ya ci gaba da zuwa kaɗan-kaɗan har shekara. Kuma ba zan ɓoye miki ba, wajen mutum 1 cikin 5 yakan zauna da ɗan ciwo ko rashin gamsuwa ko bayan an warke. Sauran 4 ɗin suna godiya. Shi ƙarfen kansa yana da ƙarko: wani babban bincike da aka buga a mujallar The Lancet a 2019 ya nuna kashi 82 cikin 100 na irin gwiwar nan suna kaiwa shekara 25 ba a sake taɓa su ba. Abin da aka gina don shekara 25, ba a yi masa hukunci a sati 9.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, kuma zan faɗa miki ita yadda zan so a faɗa wa mahaifiyata. Zaman tahiya irin wanda kika saba tun kina yarinya, ƙafa a naɗe, da wuya ya dawo. Adadin nan na 150 kaɗan ne ke kaiwa gare shi da gwiwar ƙarfe, kuma abin da ya fi nuna inda mutum zai tsaya bayan aiki shi ne inda gwiwarsa take kaiwa kafin aikin. Ke shekara 4 taki ba ta naɗu ba. Sujada kanta kuwa ƙofarta ba a rufe take ba. Durƙuso ba ya fasa ƙarfen, abin da ke hana mutane shi ne zafin tabo da tsoro da wahalar sauka da tashi. Akwai waɗanda bayan watanni sukan iya sauka su kai goshi ƙasa, in an zo zama su miƙe ƙafar gaba. Akwai kuma da yawa da ba sa iyawa. Ba yanzu za ki gwada ba. In gwiwar ta saki ta haura 110, likita ya yarda, sai ki fara da ɗora ta a kan matashi a bakin gado kina dafe, daƙiƙa kaɗan, a gaban mai yi miki gashi. Kafin nan ki riƙa murza tabon da ɗan man kaɗanya kullum, tunda ya rufe, don fatar ta saba da taɓi.

Na san kin san hadisin Imrana bin Husaini, wataƙila ma kin koyar da shi a aji. Basur ne ya dame shi, ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Kin san kuma shi kansa Fiyayyen Halitta ya yi salla a zaune lokacin da ya faɗo daga kan doki ya ƙuje gefensa na dama. Kuma a Bukhari aka ruwaito cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Saboda haka sujadar da kika yi shekara da shekaru ba a rufe littafinta ba. Amma na fahimci ba hukuncin ne ya shige miki duhu ba. Kewa ce, ta sanyin tabarma a goshi, kuma wannan ba wanda zai ce miki kada ki ji ta. Ki yi kukanki, ba rashin tawakkali ba ne. Abu guda da zai iya rage miki: yanzu da ƙafar ke ɗaukar nauyinki, ki gwada yin kabbara da karatu da ruku'u a tsaye, kujera tana bayanki, sai lokacin sujada ki zauna ki yi nuni. Malamin unguwarku zai daidaita miki yadda ake yi. Wadda ta shekara 4 tana tayar da salla a zaune, ranar da ta tsaya a sahu da ƙafarta ba ƙaramar rana ba ce.

Sai yaranki. "Na ce musu an sallame ni." Na gane, kara ce irin ta uwa, kin ga sun yi ɗawainiya har kina jin kunyar buɗe baki. To amma Mama, wanda ya gina gida ya kai linta ba ya barin sa ba rufi don tsoron kuɗin kwano, ga damina na tafe. Kuɗin gashi da na mota in aka ɗora su kusa da abin da aka kashe a Alƙahira ba su kai a ambata ba, kuma su ne za su sa wancan kuɗin ya yi amfani. Asarar da kike tsoro, hanyar da za ta bi ta shigo ita ce shirun nan. Ki kira babban da autar ki zaunar da su, ki ce musu ba a sallame ki ba, zafi da kunya ne suka zaunar da ke, kuma akwai lokacin da ake gudun ya wuce. Za su ɗan ji ba daɗi, na minti 5. Da su ji daga bakin likita nan da wata 4 cewa ƙafar ta ƙage, gara su ji daga bakinki yau.

Ɗanki da ke cewa ki daure ki taka, tsoro ne ke magana a bakinsa, ya sayar da fili yana so ya ga uwarsa ta miƙe. Rabin maganarsa gaskiya ce, tafiya na da amfani. Abin da bai sani ba shi ne tafiya ba ta lanƙwasa gwiwa, kuma yawan ta ma yakan ƙara kumburi, kumburi kuma ya hana lanƙwasuwa. Ki tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa, sannan ki ba shi nasa aikin: mota da kuɗin gashi. Autarki kuwa tausayinta ne ke neman yi miki illa. Duk butar da ta ɗaukar miki, ta rage wa cinyarki aikin da take buƙata. Ba za ki iya hana ta hidima ba, sai dai ki sauya mata ita. Ta riƙa bin ki wurin gashi, ta ɗauki kowane motsi a waya, a gida ta zama mai ƙirga miki, duk Juma'a ta ɗauki hoton ƙafar daga gefe kina zaune a kujera ɗaya, don ido ba ya ganin ƙarin digiri 5 amma hoto yana gani. In zuwa asibiti sau 3 a sati ya yi nauyi, ku gaya wa masu gashin a fili, su tsara miki sau 1 a sati da aikin gida, ko a sami wanda zai riƙa zuwa gidan. Da ma mafi yawan aikin a ɗakinki za a yi shi.

Maƙwabciyarki kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ba ki san ko rabin gwiwa aka sauya mata ba, wanda ya fi saurin warkewa, ba ki san yadda ƙafarta take kafin aiki ba, kuma mutane suna da saurin manta daren da suka kwana suna juyi. Ajiye sanda ma ba shi ne ma'auni ba, da yawa sun yar da ita da wuri sun koyi ɗingishi. Ki riƙe taki, a hannun hagu tunda dama aka yi wa aiki, har sai tafiyarki ta miƙe.

Maganar ƙaho ce ba zan yi mata kwana-kwana ba. Kada a yi. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba allura a gwiwar, ba mai ɗori da zai murɗa ta. Ƙanwarki ƙauna ce ta sa ta, kuma wanzamai da masu ɗori suna da gurbinsu a wurin mutanenmu, amma gwiwar da ke da ƙarfe ta fita daga hannunsu. Nama yana da jini da ke kai masa sojojin jiki da magani, ƙarfe ba shi da shi. In ƙwayar cuta ta sami ƙofa ta fata ta kai gare shi, sai ta manne ta yi wa kanta rufi, maganin sha ya kasa cim mata. Ƙarshenta sau da yawa sai an sake buɗewa an cire ƙarfen gaba ɗaya, a yi makonni ana allurai, sannan a sake sa wani. Ko ba a tsokane shi ba wannan yana samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100, ina ga an buɗe masa ƙofa da aska. Garin neman gira kada a rasa ido. Gasawa da tafasasshen ruwa ma ki bari, don fatar da ba ta ji sosai tana iya ƙonewa ba ki sani ba. Ƙanwar taki in tana son taimako, ta riƙa kawo miki alala da farfesun kifi da nono, nama ne jikinki ke ginawa.

Ga kuma abubuwan da in kin gan su ba a jira wayewar gari: zazzaɓi da rawar ɗari, tabon ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, zafi ya tashi farat ɗaya har ki kasa taka ƙafar da jiya kika taka, sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji. Na ƙarshen nan biyu alamar gudan jini ne, asibiti kai tsaye.

Zafin da ya kore ki daga gashi shi ma a yi maganarsa, don ba ragwanci ba ne. Ki gaya wa likita ya tsara miki maganin da za ki sha kamar rabin awa kafin motsa ƙafa, da wanda zai taimaka da dare. Kada ki aika yaro kyamis ya haɗo miki, domin irin su diclofenac da ibuprofen suna taɓa ƙoda da ciki, suna kuma tayar da hawan jini, musamman a shekarunki. Ki ce a duba yawan jininki ma, don aikin nan yana cin jini, kuma ƙarancinsa yana kawo kasala da mutuwar jiki da mutum zai ɗauka baƙin ciki ne. Shi kuma mai gashin ki gaya masa iya inda kike iya ɗauka. Ja da tsami dole ne, amma danna ƙafa har mutum ya yi ihu ya kwana da kumburi ba gwaninta ba ce. Ma'aunin da ake bi shi ne, zafin da ya lafa cikin awa 1 zuwa 2 ba laifi, wanda ya kwana ya tashi da ke an wuce gona da iri.

Na yi jinyar gwaggona bayan irin wannan aikin, kuma abin da ya fisshe mu salla ce ta zama agogonmu. Duk in ta idar, sai ta hau gado ta jingina, in sa mata leda a ƙarƙashin diddige don ya yi santsi, ta zarga tsohon gyalenta a tafin ƙafa ta kama bakinsa biyu, ta riƙa jawo diddigen zuwa jikinta a hankali. In ta kai inda ya ƙi, ta tsaya, mu ƙirga 10 tare, ta saki. Sau 10. Daga nan ta zauna a kujera ta sa lafiyayyar ƙafar a gaban mai ciwon ta tura ta baya. Sannan miƙewa, wadda mutane ke mantawa alhali ta kai lanƙwasawa muhimmanci: a naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige, a bar gwiwar ta sauka da nauyinta minti 5, tana matse naman cinya tana saki. Abin da muka fi faɗa a kansa shi ne matashi. Da na juya baya sai ta cusa shi a ƙarƙashin gwiwa don ya fi daɗi, ni kuma in zare, domin gwiwar da ta saba kwana a tanƙware ba ta ƙara miƙewa sosai. In za a ɗaga ƙafa, tun daga sharaɓa har diddige ake tallafe ta, ta fi ƙirji tudu. Wuta ba ta tsayawa a unguwarmu, sai muka yi ciniki da mai sayar da ƙanƙara, kullum la'asar yaro ya kawo fiya wata 4 da suka daskare, mu naɗe a tawul mu ɗora minti 15 zuwa 20. Ta kira ni azzaluma ba sau ɗaya ba. Kafinta ya yi mata kujera mai rami aka ɗora a kan masai, muka ɗaga katifarta daga ƙasa zuwa gado, kujera 'yar tsuguno ta bar madafa, alwala ma a doguwar kujera take yi. Ki duba gidanki da wannan idon. Yau gwaggo tana zuwa kasuwa da ƙafarta, tana hawa bene gidan 'yarta, mai lafiya a gaba in za ta hau, mai ƙarfe a gaba in za ta sauko. Sujada ba ta dawo mata ba. Takan faɗa, wani lokaci da ƙwalla, sannan ta tashi ta ɗora tukunya.

Umra kuwa ina ganin tana cikin abin da za ki sa a gaba, in Allah Ya yarda, sai dai ba bana-bana ba, ki ba ƙafar watanninta, kuma likita ya sa baki kafin a yanki tikiti, don doguwar tafiyar jirgi tana da nata haɗarin na gudan jini. Tsakanin Safa da Marwa sau 7 ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiya daga masauki, duk a kan daɓe mai tauri. Wannan shimfiɗaɗɗiyar tafiya ce, irin wadda gwiwar ƙarfe ta fi iyawa. Ki fara daga ƙofar gida zuwa bakin layi, ki riƙa ƙarawa duk sati, ranar da kika iya tafiyar minti 45 ba ki kwana da kumburi ba kin kusa. In kuma kin je ƙafa ta gaji a zagaye na 4, akwai keken turawa, kuma Ummu Salama da ta koka da rashin lafiya cewa aka yi ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Ki dai shirya, na'urar bincike a filin jirgi za ta yi ta ƙara in kin zo wucewa, sai ki nuna musu gwiwa.

Amma wannan duk na gaba ne. Na satin nan shi ne ki kira yaran nan yau da daddare, gobe a nemo takardun Alƙahira a sa a jaka ɗaya, a karɓi kati. In an auna ki, ki ce a rubuta miki adadin biyu a takarda, na lanƙwasawa da na miƙewa, ki manna a jikin kalanda kusa da inda kike salla. Ki rubuto mini abin da aka samu, Mama, ina jira.